Farar tudu da farar teku

Ƙasar Nijar ba ta taɓa teku ko ta kusurwa ɗaya. Daga Yamai zuwa Kwatano, tashar jiragen ruwan da ta fi kusa da ita, tafiya ce ta fiye da kilomita 1000. Duk da haka, wanda ya zauna a ɗaya daga cikin manyan gidajen cin abinci na unguwar Filato, ko na otel-otel ɗin da ke kallon kogin Isa, ya buɗe takardar jerin abinci, yana iya cin karo da sunan wata halittar teku da Faransawa ke kira langouste. Akan kawo ta a tsage biyu bisa faranti, ɓawonta ja jawur, namanta fari fat, da man shanu da yankin lemun tsami a gefe, kuma kuɗinta na cikin waɗanda suka fi kowane nauyi a jerin. A daidai wannan sa'a ta maraice, can arewacin birni, a unguwar Lazare, mata na zaune bakin hanya da tirensu na soyayyar fara, ƴan lakwal da ƴan kabu-kabu na tsayawa suna saye, ana ƙunshe musu cikin takarda da ɗan yaji.

Mai cin abincin farko ba ya ganin wata dangantaka tsakaninsa da mai cin na biyu, wataƙila ma ya yamutsa fuska in an miƙa masa ƙunshin. Amma halittun nan biyu suna ɗaya suka gada, kuma dangi ɗaya ne. Abin da ya ɗaga guda ya ƙasƙantar da guda ba ya cikin namansu, yana cikin tarihi: nisan hanya, da ƙarancin abu, da kuma irin mutanen da aka saba gani suna cinsa.

Suna ɗaya, dangi ɗaya

Romawa na kiran fara locusta. Da masuntansu suka riƙa fito da wata halitta mai sulke, mai ƙafafu goma da dogayen ƙahoni, sai suka ga babu abin da ta fi kama da shi kamar fara, suka laƙaba mata wannan suna. Masanin nan Pline Babba, wanda ya rasu a shekara ta 79 miladiyya, da wannan kalma ya ambace ta cikin littafinsa na tarihin halittu. Daga locusta ne langouste ta fito, bayan ta bi ta harshen mutanen kudancin Faransa. A Sifaniyanci har yau kalma guda ce, langosta, ke nufin farar da ke cinye gona da wadda ake kamowa cikin teku. Kalmar lobster ta Ingilishi ma gurɓatacciyar locusta ce. Larabawa kuwa ba su yi wani kwana-kwana ba, sun ce mata jaradul bahri, wato farar teku. Ashe ke nan, Bahaushen da ya kira ta haka bai ƙirƙiro kome ba, sahun magabata ya bi.

Ilimin halittu na zamani ya gaskata idon masuntan dā. Fara da farar teku, da ƙaguwa da jatan lande, duk ƙashinsu a waje yake, jikinsu gaɓa-gaɓa, kuma ba su girma sai sun yi saɓa. Binciken ƙwayoyin gado da aka yi tun daga shekarun 1990 ya nuna cewa ƙwari reshe ne da ya tsiro daga cikin dangin su jatan lande. Likitoci ma na jan kunnen wanda jikinsa ke ƙin jatan lande da ya yi hattara da fara, domin sinadarin da ke tayar da ƙaiƙayi da kumburi iri ɗaya ne a cikinsu.

Akwai bambanci guda da ya kamata malamin Faransanci ya riƙe. Wadda ake kira homard tana da manyan hannuwa biyu irin na ƙaguwa, kuma a ruwa mai sanyi na arewacin Atlantika take zaune. Langouste ba ta da waɗannan hannuwa, sai ƙahoni da ƙayoyi a ɓawo, kuma ita ce ake samu a gaɓar Afirka ta Yamma, daga Muritaniya da Senegal har zuwa kudu.

Abincin da gwamna ya ji kunyarsa

Farar teku ba a ko'ina aka haife ta da daraja ba. A shekara ta 1623, lokacin da sababbin baƙi suka sauka a Plymouth, ƙaramin mazaunin Ingilishi na gaɓar arewa maso gabashin Amurka, gwamnan wurin, William Bradford, ya rubuta da takaici cewa mafificin abin da suka iya sa wa baƙin a gaba shi ne homard ko yankin kifi, babu burodi, sai ƙoƙon ruwan marmaro. Shekara 11 bayan haka, wani Bature mai suna William Wood ya bayyana cewa yawanta ya sa ba a ganin ƙimarta, ba a cika cinta ba, kuma ƴan asalin ƙasar kan saƙala ta a ƙugiya don su kama kifi. Manoman gaɓa sun daɗe suna zuba ta a gona a matsayin taki.

Abubuwa uku ne suka juya al'amarin cikin ƙarni na 19. Na farko shi ne gwangwani: tun shekarun 1840 aka buɗe masana'antu a jihar Maine, ana dafa namanta ana rufewa ana aikawa nesa. Na biyu shi ne jirgin ƙasa da ƙanƙara, waɗanda suka kai ta da ranta biranen da ba su san ta da sunan abincin matalauta ba. Na uku shi ne raguwarta, domin masana'antun sun kwashe manya sun koma kan ƙanana, har hukuma ta kafa dokar awo. Da abu ya yi ƙaranci, masu kuɗi suka fara nemansa, sai kunyar cinsa ta koma alfahari. A Paris ma manyan masu dafuwa sun ba ta sunaye na ƙasaita, kamar homard Thermidor, wanda ya samo sunansa daga wasan kwaikwayon Victorien Sardou na 1891.

Kwaɗayin Faransawa ne ya jawo Afirka cikin labarin. Tun wajen 1910 masuntan Douarnenez, a lardin Biritaniyar Faransa, suka fara gangarowa gaɓar Muritaniya neman langouste mai kore. Jiragensu na da rumbun ruwa a ciki, ruwan teku na shiga yana fita ta ramuka, don kayan su isa gida da rai bayan makonni na tafiya. Daga tsakiyar shekarun 1950, su da na Camaret suka koma kan wadda ake kira mai ruwan hoda, mai zama cikin zurfi. Cikin ƴan shekaru suka rage ta ƙwarai, har wasunsu suka tsallaka zuwa gaɓar Barazil.

Nan ne aka yi rikicin da tarihi ya sani da yaƙin langouste, daga 1961 zuwa 1963. Barazil ta ce halittar nan tafiya take yi a ƙasan tekun da ke manne da gaɓarta, saboda haka dukiyar ƙasarta ce. Faransa ta ce iyo take yi kamar kifi, kowa na iya kama ta a ruwan da ba na kowa ba. Wani hafsan sojan ruwan Barazil, Paulo Moreira da Silva, ya mayar da martani cewa in ɗan tsallen da take yi ya mai da ta kifi, to tsallen dabbar kangaru ma ya mai da ita tsuntsu. A watan Fabrairu na 1963 Janar de Gaulle ya aika jirgin yaƙi mai suna Tartu ya tsare masuntansa, Barazil ta fito da nata jiragen. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba, amma ƙasashe biyu sun ja daga a kan dangin abin da Bradford ya ji kunyar bai wa baƙo. Su kuwa masuntan Biritaniya, zuwa wajen 1990 sana'arsu a gaɓar Muritaniya ta mutu.

Fara: annoba kuma abinci

Tarihin farar tudu a matsayin abinci ya girmi wannan nesa. Herodote, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin wasu mutanen Libiya da ake kira Nasamon, masu kama fara su shanya ta a rana, su niƙa, su barbaɗa cikin madara su sha. Attaura ta halatta wasu nau'o'in fara, ta kuma haramta duk abin ruwan da ba shi da ɓamɓaroki da fikafikan iyo, ke nan a shari'ar Yahudawa farar tudu ce mai tsarki, ta teku ce abin ƙyama. Linjila ta ce abincin Annabi Yahaya a jeji fara ne da zuma. A Musulunci, hadisi ya ambaci kifi da fara a matsayin matattu biyu da aka halatta, kuma sahabi Abdullahi ɗan Abi Aufa ya ruwaito cewa sun yi yaƙe-yaƙe tare da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna cin fara. Mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a Nijar, ta halatta dukan abin da ke cikin teku, amma ta sharɗanta a kashe fara da wani sababi, kamar jefa ta cikin wuta ko tafasasshen ruwa. Hanafiyya kuwa ba ta yarda da abin ruwa ba sai kifi, alhali fara halal ce a wurinta. Duk inda aka duba cikin waɗannan shari'o'i, ba a samu wadda ta fifita ta teku a kan ta tudu ba.

A ƙasar Hausa akwai shaidar ido. A watan Janairu na 1851, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zaga kasuwar Tasawa, ya yi mamakin ganin ƙoruka cike da gasasshiyar fara, har ya rubuta sunanta da Hausa. Ya lura cewa mutane kan ci ta da yawa, musamman in ta cinye musu hatsi, domin a lokacin sun haɗa daɗin baki da ramuwa a kan ɓarauniyar gona.

Amma ramuwar ba ta taɓa biyan asarar ba. Farar hamada guda kan ci kwatankwacin nauyinta a yini, wajen giram 2, kuma garken da ya rufe murabba'in kilomita ɗaya na iya ƙunsar miliyan 40 ko fiye, ya lashe a rana ɗaya abincin mutum 35 000. A 1928 wata annobar fara ta taso daga fadamun kogin Isa na ƙasar Mali ta yanzu, ta bazu cikin Afirka, ba ta lafa ba sai 1941. Ita ce ta afka wa gonakin yammacin Nijar, ga ƙarancin ruwa, ga haraji da aikin tilas da Nasara bai sassauta ba, aka shiga yunwar 1931 wadda Zabarmawa ke kira doa jiire, shekarar fara. Dubban mutane sun mutu, ƙauyuka sun watse, wasu sun nufi Najeriya da Gwalkwas, wasu sun kwararo Yamai wadda ba ta daɗe da karɓar babban birni daga Damagaram ba, a 1926. Masana tarihi irin su André Salifou da Boureima Alpha Gado sun yi rubutu mai zurfi a kan wannan shekara. Daga irin waɗannan shekaru ne sunan fara ya haɗu da na yunwa a zukatan mutane, har wanda ya samu wadata ya riƙa gudun a gan shi da ita.

Lazare da shekarun uraniyum

Sunan unguwar Lazare, wadda ake rubutawa Lazaret da Faransanci, shi ma daga teku ya fito. A 1423 birnin Venise ya keɓe wani tsibiri don masu annoba, kalmar ta bi tashoshin jiragen ruwa na Bahar Rum har Marseille, tana nufin wurin da ake tsare wanda ake tsoron ya yaɗa cuta. Likitocin mulkin mallaka suka zo da ita Afirka, suka riƙa sa ta ga wuraren da suka ware a bayan gari.

A bayan garin Yamai, wannan fili ne ya zama sansanin ƴan gudun fari a 1973 da 1974. Bayan shekaru a jere na ƙarancin ruwa, dabbobi sun ƙare a arewa, dubban makiyaya, akasarinsu Abzinawa, da yawa daga cikinsu daga ƙasar Mali, suka sauka a Lazare cikin bukkokin tabarma da tsumma. Mutanen da suka tashi da nono aka riƙa auna musu jar dawar taimako da garin madara, cikin yara da tsofaffi ya kasa ɗauka, ƙyanda da zawo suka yi ɓarna. Zargin cewa wasu manya na karkatar da abincin taimako na cikin dalilan da sojoji suka bayar ranar 15 ga Afrilu 1974, lokacin da Laftanar-Kanar Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani. Sansanin ya tashi, birni ya miƙe ya haɗiye filin, ya zama unguwa mai makarantu da masallatai da kasuwar dabbobi ta Turaku.

Abin lura shi ne, a cikin waɗannan shekaru ne kuma farantin ƙasaita ya samu gindin zama a ɗaya gefen birnin. Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da uraniyum a Arlit a 1971, COMINAK ta biyo baya a 1978, farashi ya hau bayan rikicin man fetur na 1973. Kuɗi suka shigo, aka gina manyan benaye, aka buɗe otel Gaweye a farkon shekarun 1980. Injiniyoyi da malamai ƴan kwaferasiyo da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, waɗanda farin kansa ya ƙara yawansu, suka zo da bakinsu da ɗabi'arsu ta fita cin abinci da dare. Jiragen UTA da na Air Afrique, kamfanin da Nijar ke cikin waɗanda suka kafa shi a 1961, su ke sauke cuku da kawa da farar teku cikin akwatunan sanyi, musamman gab da bukin ƙarshen shekara. Manyan ma'aikata ƴan ƙasa da suka yi karatu a Dakar ko Bordeaux suka koyi zama a teburin, ya zama wurin ƙulla kwangila da karrama baƙo.

Hanyoyi uku na teku

Ta jirgin sama ba ita kaɗai ce hanyar da teku ya bi ya iso Yamai ba, kuma ba ita ce ta farko ba. Tun zamanin mulkin mallaka, akawuna da malamai da masu aikin likita ƴan Dahome da Togo sun zo da matansu da tukwanensu. Su ne suka saba wa kasuwannin birnin da busasshen jatan lande, wanda ake dakawa a zuba a miya kamar daddawa. Korar ƴan Dahome da aka yi a ƙarshen 1963, sanadin rikicin tsibirin Lete, ba ta kori wannan ɗanɗano ba. Matan gaɓa sun ci gaba da sayar da shi a Ƙaramar Kasuwa har gobarar da ta cinye ta a 2012.

Hanya ta uku ita ce ta kamiyo. Dogo ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya ta samu a 1958, aka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwar Dahome da Nijar a 1959. Da motoci masu ɗakin sanyi suka yawaita, sai kifin ƙanƙara na cikin kwali, irin su chinchard da maquereau, ya cika unguwanni. Shi ne tekun talaka. Ya fi kifin kogi araha, domin giwan ruwa da tarwaɗa da ƙarfasa da Sarkawa ke kamowa sun ragu tun farin shekarun 1970 da na 1984, yashi kuma na cike kogin. Giwan ruwa, wanda Faransawa ke kira capitaine, shi kansa ya bi sawun farar teku: da ya yi wuya, sai ya tashi daga akushin masunci ya koma farantin otel.

Duk waɗannan hanyoyi a hannun wasu suke. Karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ake sayowa daga Turai cikin dare ɗaya. Air Afrique ta rushe a 2002. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe gadar Gaya, Air France ta daina sauka a Yamai a watan Agusta na shekarar, kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso tare da rakiyar soja. CEDEAO ta ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma Nijar ta bar nata gefen gadar a rufe. A wannan shekara ce aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa jika 42 a wata, kuɗin da cin dare ɗaya na mutum biyu a kan farar teku ke iya lashe babban rabo daga cikinsu. Wanda ya biya wannan faranti, rabin abin da ya saya hanya ce da sanyi da kwastan.

Ƙyamar da aka koya

Ita kuwa farar tudu, hanyarta gajera ce. Bayan girbin hatsi, in sanyi ya shigo, mata da yara a ƙauyukan Maraɗi da Damagaram da Tawa kan fita tun da asuba, lokacin da fara ta sandare ba ta iya tashi, su tsince ta a kan kara da ƙirare. A tafasa ta da gishiri, a shanya, a ɗura a buhu, ƴan kasuwa su kai Katako, daga nan masu soyawa su auna da tiya su rarraba unguwanni. Akasarin wadda ake ci ba farar hamada mai tafiya garke-garke ba ce, ƴar gida ce da ke kwana a gona. Fiye da rabin nauyin busasshiyarta sinadarin gina jiki ne. Mace da yawa a karkara da kuɗin fara take sayen sabulu da littafin ɗanta, kuma a birni farar ta daina zama abin araha.

Amma littafin da ɗan nata ke karantawa bai san da wannan ba. Littattafan lakwal na Faransanci sun daɗe suna koya wa yaro criquet cikin babin maƙiyan manomi kawai, langouste kuma cikin babin abinci mai daraja, kusa da hoton tebur da cokali mai yatsu. Yaron da ya karya kumallo da fara ya koyi ɓoye ƙunshinsa kafin mushe ya shigo aji. Ba wanda ya gaya masa cewa halittun biyu suna ɗaya suka gada, ko cewa Bature ya taɓa jin kunyar tasa farar. Rashin sani, in ji Hausawa, shi ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

Turai kuwa ta fara waiwaye. A 2013 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da babban rahoto a kan ƙwarin da ake ci, tana nuna cewa kiwonsu na bukatar abinci da ruwa da fili kaɗan in an gwada da na shanu. A watan Nuwamba na 2021 Tarayyar Turai ta halatta sayar da fara mai ƙaura, irin wadda ta jawo yunwar 1931, a matsayin abincin ɗan Adam, daskararriya ko busasshiya ko gari. A ɗaya ɓangaren, Suwizalan ta hana jefa homard cikin tafasasshen ruwa da ranta ba tare da an sumar da ita ba tun 2018, Ingila kuma ta sa danginta cikin dokar halittu masu jin zafi a 2022. Tsohuwar ƙyama na raguwa, wata sabuwa na tasowa, kuma ba abin mamaki ba ne wata rana garin fara ya dawo Yamai cikin kwalba mai tambarin waje, da tsadar da za ta sa a girmama shi.

Haɗarin da ke fuskantar farar tudu na gaskiya shi ne guba. A yaƙi da annobar 2003 zuwa 2005, wadda ta haɗu da fari ta jefa fiye da mutum miliyan 3 cikin matsalar abinci a Nijar a 2005, an fesa magani a kan kadada wajen miliyan 13 a ƙasashen yankin. Farar da feshi ya kashe, in aka tsince ta aka kai kasuwa, cuta ce ga mai ci, kuma nan hukuncin Malikiyya na barin wadda aka tarar matacciya ya dace da shawarar likita. Akwai wata mafita da aka gwada a Nijar kanta: shirin LUBILOSA, daga 1989 zuwa 2002, ya samar da magani daga wani naman gwari mai suna Metarhizium, wanda ke kashe fara ba ya taɓa mutum ko tsuntsu ko dabba. Sanin wace fara aka fesa wa me, da yaushe, ya zama wajibi ga mai tsinta da mai saye.

Akwai kuma ilimin da ke hannun tsofaffin mata, wanda ba a rubuta ba. Su suka san babe daga ɗango, suka san farar tumfafiya ba a cinta, suka san wadda ke da ƙwai da wadda ke da ɗaci, da watan da kowace ke ƙiba. Kowane yanki da sunayensa, da Hausa da Zabarmanci da Tamajak da Barbarci. Ajin kwaleji guda na iya tattara waɗannan sunaye cikin hutu ɗaya, ƙungiyar al'adu ta buga su gefe da gefe da na Faransanci da na Latin. A Lazare kuwa, har yanzu akwai dattawan da suka ga sansanin 1974 da idonsu, kuma sun kai shekarun da ba a jinkirta zuwa wurinsu da rakoda. Su za su faɗi abin da aka ci a shekarar da babu, da abin da aka ƙi ci ko da ana mutuwa, domin makiyayin da bai saba da kifi ba ya sha kallon kogi cike da shi yana jin yunwa.

Babu laifi ga wanda Allah ya hore wa ya zauna bakin kogi ya ɗanɗana abin da ya zo daga gaɓar Muritaniya ko Senegal, halal ne, kuma sanin abincin wasu ilimi ne. Abin da tarihi ya hana shi kawai shi ne ya fito daga nan ya raina tiren matar Lazare. Malamin da zai koyar da kalmar langouste a shekara mai zuwa yana da damar rubuta locusta a allo, ya ja layi biyu daga gare ta, ɗaya zuwa teku ɗaya zuwa gonar hatsi, sa'an nan ya tambayi ɗalibansa sunayen fara nawa kakanninsu suka sani.